Shin Hana Aron Asusun Banki Mummunan Zato Ne?

Wata ɗalibata a ajin matan aure ta tare ni bayan an tashi, ta ce, "Malama, ƙanin maigidana ya nemi aron asusuna za a turo masa kuɗi, na hana. Na yi laifi? Ba an ce mu kyautata wa juna zato ba?"

Ya ke 'yar uwa, kyautata zato aikin zuciya ne, kuma ba ya hana a kiyaye dukiya. In kin kulle ƙofa da dare, ai ba ki ce maƙwabtanki ɓarayi ba ne. Tun 2014 aka shigo da BVN, lambobi 11 da ke haɗa sunanki, hotonki da zanen yatsunki da duk asusun da kika buɗe. In kuɗin damfara suka sauka a ciki, sunanki masu bincike za su fara gani. Wataƙila shi yaron ba ruwansa, to amma wanda zai turo fa, kin san shi?

Abin da ke cin mu sau da yawa kunya ce. Mutum zai bugo waya da sallama mai daɗi, Hajiya kaza Hajiya kaza, wai daga banki ne, za a rufe asusunki in ba ki karanto masa lambar da ta shigo yanzu ba. Waccan lambar ita ce OTP, da ita zai kwashe kuɗin. Banki ba ya tambayar ta, ba ya tambayar lambar sirrin katinki. Amma sai mu ji nauyin katse wa babban mutum waya. Haka a wurin mai POS, mace ta miƙa kati ta faɗi lambar da baki, wai kada a ce ta raina shi.

Ga inda abin ya fi damuna. Da yawanmu kuɗin da ke asusun ba namu ba ne mu kaɗai. Akwai na adashi, na cefane, wata ma na marayu take riƙe. Wa ya ba ki izinin yin kara da dukiyar wasu?

Na ce wa ɗalibata ba ta yi laifi ba, amma ta lallashe shi, ta nuna masa yadda zai buɗe nasa. Ta ce har yanzu gaisuwarsa sama-sama ce.