Shaidar Da Ruwan Kwata Ke Bayarwa



Abin da mutum ya haɗiya a ɓoye ba ya ƙarewa a cikinsa. Hanta takan sarrafa ƙwaya, ƙoda ta tace ragowarta, ta fita cikin fitsari, ta bi magudana. A shekarar 2005 masanan cibiyar Mario Negri ta birnin Milan a Italiya suka bayyana abin da suka gano a ruwan kogin Po: ragowar hodar iblis da jikin mutane ya fitar, daidai da kimanin kilo 4 kowace rana, fiye da yadda hukuma ta zata. Tun 2011 biranen Turai da dama suke auna ruwan kwatarsu ta wannan hanya.

Mu ma a Kano ruwanmu yana ɗauke da labarinmu. Dattin masana'antun Bompai yana bin Getsi zuwa Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuwa yana gangarawa kogin Challawa, masu bincike kuma sun daɗe suna samun gubar majemu a ciki. Ruwan gidajenmu ma can yake ƙarewa, tare da ragowar kodin da tiramol da 'ya'yanmu suka sha. A 2018 BBC ta nuna wa duniya matasan da kodin ya haukata a gidan gyaran hali na Dorayi, Gwamnatin Tarayya kuwa ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda.

Mu lura da halin wannan shaida. Ruwan kwata ba ya kiran sunan kowa, ba ya cewa ɗan wane ne, ba ya raba Kirista da Musulmi. Ciwon gari dukansa yake nunawa. Mu kuwa sai mu yi tsegumin ɗan maƙwabci, mu kulle namu a ɗaki saboda kunya, har ciwo ya ci shi. Allah wanda yake ganin ɓoye bai kira mu ga rufa ciwo ba. Ya kira mu ga tuba da warkarwa.

Saboda haka, iyaye, ku zauna da 'ya'yanku, ku tambaye su cikin haƙuri. Wanda ƙwaya ta kama, a kai shi ga likita, a sanar da Fada, kada a ɗaure shi da mari. Masu sayar da magani a cikinmu, kada ku ba da waɗannan magunguna sai da takardar likita, gama ribar da ta lalata ɗan wani ba ta da albarka. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su ziyarci gidajen da wannan masifa ta shiga, su riƙe asirinsu.

Ubangiji wanda ya wanke mu da ruwan Baftisma ya tsarkake gidajenmu, ya komo mana da 'ya'yanmu. Amin.