Goɗiya A Turke Ko Duƙushi A Kasuwa?

Yabo ya tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da takan taso a zaurukan masu dawaki na cikin birnin Kano, har da unguwannin da ke gindin Dutsen Dala kamar Madigawa da Adakawa da Yalwa. Mutum ne yake da goɗiya mai kyawun asali, yana kuma bukatar dokin hawa. Shin ya kai ta baye ya jira abin da za ta haifa, ko kuwa ya tafi kasuwa ya sayi duƙushi wanda ya gani da idonsa? Galibi da lissafin kuɗi ake yanke wannan magana, alhali kuwa akwai hukuncin shari'a a cikinta, akwai kuma haƙƙin rai.

Kamar yadda aka sani, doki ba baƙo ba ne a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ana danganta kafuwar hawan Sallah ga Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Alƙur'ani mai girma kuwa, a cikin Suratun Nahli, ya ambaci dawaki a matsayin abin hawa da abin ado. Saboda haka son doki ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne hanyar samunsa da yadda za a riƙe shi.

Wanda ya zaɓi baye ya zaɓi jira. Goɗiya takan ɗauki ciki wajen wata 11, ta shayar wajen wata 6, kuma ba a ɗora wa duƙushi sirdi da mahayi sai ya kai kimanin shekara 3. Watau daga ranar baye zuwa ranar hawa kusan shekara 4 ke nan, ana ciyar da baki biyu da harawa da dusa da gero da kanwa. A cikin wannan tsawon lokaci babu abin da mai goɗiya ya tabbatar. Mai yiwuwa ne ta ƙi ɗauka, ko ta yi ɓari, ko ta mutu wajen haihuwa. In ta haihu lafiya, yana burin akawal sai a sami danda, yana burin namiji sai a sami mace, ga shi kuwa a al'adar birni ingarma ake hawa ranar Sallah.

To, wannan jira halal ne, domin kasadar tana kan dukiyar mutum shi kaɗai, kamar manomin da ya binne iri yana sauraron ruwa. Inda shari'a ta tsaya ta yi hani shi ne a ɗauki wannan rashin tabbas a sayar wa wani. Wannan shi ne malaman fiƙihu suke kira garari, Hausawa kuma suke kira cinikin biri a sama. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa hanin sayar da abin da ke cikin mahaifar dabba da abin da ke tsatson namiji, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a makarantun zaure, ta maimaita hukuncin. Don haka mai goɗiya ba shi da ikon karɓar kuɗin ɗan da ke ciki, kome kyawun uwa da uba.

Haka kuma ladan baye. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗi a kansa, kuma malamai da yawa sun ɗauki hanin a kan kowane hali. Amma Malikawa sun rarrabe, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu: in an yi jingar ingarma a kan sai goɗiya ta ɗauki ciki, jingar ɓatacciya ce, domin ba wanda ya mallaki wannan sai Allah, in kuwa an yi ta a kan kwanaki sanannu ko adadi sananne, ta halatta. Kyautar da mai goɗiya ya bayar don kansa ba tare da sharaɗi ba, ita ma an yi rangwame a kanta a hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito.

Mai saye kuwa ya huta da duk wannan, gama gani ya kori ji. In ya tafi kasuwa irin ta Maigatari ranar Alhamis, zai duba ƙafafu da kofato da idanu, ya sa a zagaya da dokin a gabansa, ya buɗe baki ya ƙiyasta shekaru, domin haƙoran nono sukan fara zuba tun doki yana shekara 2 da rabi, baki ya cika a shekara 5. In daga baya wani tsohon aibi da aka ɓoye ya bayyana, shari'a ta ba shi zaɓin mayarwa, mai sayarwa da dillalin da suka san aibin suka yi shiru kuma sun ci amana. Sai dai mai saye bai san irin hannun da ya raini duƙushin ba, sau da yawa kuma asalinsa a bakin dillali kaɗai yake jinsa.

Amma akwai wani bambanci da ya fi waɗannan nauyi. Mai saye yana ɗaukar nauyin ran da ya riga ya wanzu, wanda ko da shi ko ba shi sai ya ci abinci. Mai baye kuwa shi ne sanadin zuwan wani sabon rai, kuma ba shi da wanda zai mayar wa in abin bai yi masa daɗi ba. In an haifi duƙusa, ko ɗan ya fito da karkatacciyar ƙafa, haƙƙin ciyarwa da magani yana wuyansa daidai da na dokin da ya yi mafarki. A mazhabar Malikiyya, wanda ya kasa ciyar da dabbarsa ana tilasta masa fitar da ita daga mallakarsa. Doki kuwa yakan rayu shekara 25 ko fiye. A 2020 ba a yi hawan Sallah a Kano ba saboda annobar korona, haka kuma a Babbar Sallar 2024 'yan sanda suka hana hawa, amma ko rana ɗaya dawakin ba su fasa cin harawa ba.

Wani zai ce, in kowa ya koma saye, wa zai haifar da dawakin da za a saya? Wannan magana gaskiya ce, kuma kiwon goɗiya sana'a ce mai daraja. Amma sana'a ce ta mai fili da makiyaya da sani. Duƙushi yana bukatar wurin da zai yi tsalle da gudu domin ƙashinsa ya yi ƙwari, lungunan Dala kuwa, inda barga ba ta wuce faɗin ɗaki ɗaya ba, ba su da wannan. Wanda ya ɗaure jariri a turke tun yana wata 3 domin ya ce irin gidansa ne, ya biya wa kansa bukata da lafiyar abin da ba ya iya kai ƙara.

A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, an kasa dawaki kashi uku: wanda yake lada ga mai shi, da wanda yake sutura gare shi, da wanda yake zunubi a kansa, watau na mai ɗaure doki don alfahari da riya. Saboda haka, kafin mai goɗiya ya nemi ingarma, sai ya tambayi kansa: in abin da ya zo ba shi ne abin da ya so ba, zai riƙe shi da daɗin rai? In zai iya, kuma yana da fili da abinci, to, ya kai ta baye ya dogara ga Allah. In kuwa a zuciyarsa namiji mai wani launi kaɗai zai karɓa, to, kasuwa ta fi masa tsira, domin a can ne aka yarje wa mutum ya zaɓa ya bari.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya ba masu kiwo ikon sauke amana, amin.