Sule uku da sisi

A ciwonta na ajali, kakata ta kira ni ɗakinta a Isa bayan la'asar, ta kama hannuna ta ce, "Mai gidana, ana bina bashi, sule ukku da sisi." Ƙanwata da ke yi mata fifita ta ɗauka sambatun zazzaɓi ne, har ta tambaye ni a hankali wane ne Sule. Ni na gane, domin na tashi ina jin tsofaffi suna lissafi da fam da sule da taro, ko da yake ban taɓa kashe su ba.

Wata Bafillatana ce mai kawo mata nono da man shanu ke binta. Kaka ta karɓi mai a bakin ƙwarya ana gobe sunan babana, da alkawarin za ta biya kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta zo, matar ba ta zo ba. Rugarsu ta tashi, an ce sun yi arewa wajen Maraɗi. Sai ga canjin kuɗi a Janairun 1973, fam ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Daga baya kwabon ma ya ɓace daga hannun mutane.

Waɗannan kalmomi baƙi ne. Daga bakin Turawa muka ɗauki sule da sisi da fam da kwabo, muka lanƙwasa su har suka zauna a harshenmu, tare da En'e da Di'o da Razdan. Su kansu mutanen Ingila, tun da suka sauya lissafin kuɗinsu a 1971, laƙabin da suke kiran sule da sisi da shi a kasuwa ya bi tsofaffinsu. A nan abin da ya rage shi ne mutum ya ce ba shi da ko sisi, ko ya ce bai ba ni ko anini ba, alhali bai taɓa riƙe aninin nan mai huda a tsakiya ba.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne tambaya guda: idan kalmar da aka ƙulla alkawari da ita ta mutu, alkawarin fa? Mun karanta a Suratu Ƙaf cewa duk abin da mutum ya furta akwai mai tsaro da ke rubutawa. Ashe ke nan sule uku da sisi na nan a rubuce yadda aka faɗe shi a kasuwar Isa, a gaban shaidun da ba sa mantuwa, ko da ba sauran mai rai da ya san me ake nufi. Ina ganin abin da Kaka ta fahimta ke nan. Mu ne muka daina jin kalmar. Ita kuwa shekara hamsin da ɗoriya tana jin nauyinta.

Da safe na je wurin malamin unguwarmu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a lissafin gwamnati kwabo 35 ne." Ya girgiza kai. Ya ce a Muhtasar na Halilu an bambanta kuɗin da aka daina karɓa amma ana samunsa da wanda ya ɓace gaba ɗaya. Na farko a biya irinsa, na biyu a biya ƙimarsa. Sannan ya ce, "Ɗana, ka koma ka tambaye ta girman ƙwaryar."

Na koma na tambaya. Ta ɗaga hannuwanta biyu masu rawa ta kwatanta, ta ce man ya cika har baki, an rufe shi da faifai. Ta faɗi sunan matar, ta ce tana da ɗiya mai wushirya. Iyakar adireshin ke nan.

Neman magada a ƙasar Gobir ta yau ba abu ne mai sauƙi ba. Ƙauyuka da rugage da yawa tsakanin Isa da Sabon Birni sun watse saboda 'yan bindiga, wasu sun tsallaka Nijar, kuma Bahaushe da ke cigiyar wata ruga sai an dube shi sau biyu. Na yi cigiya a kasuwar Isa, na je Shinkafi ranar Alhamis har sau uku. Da abin ya faskara, Malam ya ce a yi sadaka da ƙimar man da niyyar ladan ya je ga mai shi, idan kuma magaji ya bayyana a sake biyansa.

Na sayi man shanu cikin ƙwarya irin wadda ta kwatanta, aka raba wa matan da suka yi gudun hijira suke zaune a bayan gidanmu. Na shiga na ce, "Kaka, an biya." Ta ce, "Har sisin?" Na ce har sisin. Kwana tara bayan nan ta cika. Sunan Bafillatanar yana rubuce a bayan littafin ajiyata, kuma duk ranar kasuwa in na ga tsohuwa mai tallan nono da wushirya, ina tsayawa in tambaye ta sunan innarta.