Hidima ga wanda ba zai gode ba

 

Ƴan'uwa, akwai wata tsattsewa da ke tasowa daga Turai ta ratsa samaniyar Sahel kowace shekara. Nauyinta kamar giram 40 ne. A 2016 masana na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun tabbatar tana iya yin wata 10 a sama ba ta sauka ba. Can take ci, can take sha. Tsarki ya tabbata ga Mai riƙe da ita.

Can Turai wasu na yi mata hidima ba albashi. A Ingila, inda ginin zamani ya toshe ramukan da take sheƙa, suna sa bulo mai rami a bango. A birnin Farankfot na Jamus har asibiti gare ta: ana ciyar da ƴan tsakin da suka faɗo da gyare, a dasa wa mai karyayyen gashi gashin wadda ta mutu.

Ɗan Maraɗi zai ce: mu da yara ke kwance da tamowa, ina mu ina jinyar tsuntsu? Maganarsa tana da nauyi, kuma in gero mudu guda ne, yaro za a ba. Amma jinƙai ba gero ba ne da zai ƙare don an ɗiba. Hadisi ya zo da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne niyya. In ka taimaki mutum, akwai godiya, akwai addu'a, wani lokaci har suna, kuma nafsu na cin rabonta ba ka sani ba. Tsattsewa kuwa ranar da ta warke ranar take tafiya, ba za ta waiwayo ba. Me ya rage wa mai hidimar in ba hidimar ba? Wannan ne ikhlasin da muridi ke shekaru yana nema a zawiya.

Mu nan ba a nemi asibiti gare mu ba. Tsattsewarmu ta gida tana sheƙa ƙarƙashin gada da rufin gini, wata kuma tana manna ƙwanta da yawu a ganyen giginya. Mai gyaran rufin masallaci a Tibiri ko Jiratawa zai iya jira ƴan tsaki su tashi kafin ya kaɓe sheƙa, kuma yaro mai danƙo yana jin maganar yayansa.