Wa Zai Duba Mudun Wanda Ba Ya Iya Ƙorafi?

A kasuwa, idon mai saye da bakinsa su ke tsare shi daga ha'inci. In aka tauye masa mudu zai gani, ya yi magana, in ta kama ya kai ƙara gun Sarkin Kasuwa. To, ina ga wanda ake yi wa awon alhali ba ya iya tuna ko ya karya kumallo?

Wannan shi ne halin tsohon da gigin tsufa ya kama. Likitoci na kiransa cutar mantuwa, kuma ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba, ba iskoki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi. Suratun Nahli da Suratul Hajji duk sun ambaci shekarun da sani ke gushe wa mutum bayan ya sani.

Da can a gidan gandu tsoho ba ya rasa mai kula da shi. Yau a Suleja da yawa cikin 'ya'yanmu tun asuba suke bin hanyar Madalla da Zuba zuwa aiki Abuja, sai bayan isha'i su dawo. Shi ya sa wasu ke ɗauko mai jinya ta kuɗi, wasu kuma sun fara tambayar gidajen kula da tsofaffi da ake biya duk wata.

Mutanenmu na ganin hakan abin kunya ne. A ganinmu, neman mataimaki ba laifi ba ne, tunda ai ana ɗaukar mai shayarwa da lada. Laifin shi ne mu biya kuɗi mu kau da kai. A wannan ciniki mai biya daban, mai karɓar hidima daban, kuma mai karɓar ko ya ce an mare shi, sai a ce ai Baba ya rikice.

Mun ga inda rashin sa ido ke kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Akasarinsu yara ne da matasa, ba tsofaffi ba, amma darasin ɗaya ne: dangi ne suka kai su da kyakkyawar niyya, aka rufe ƙofa.

Hukuma ta ɗan motsa. An kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa bisa dokar 2017. Akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Haƙƙinmu ne mu nemi a riƙa yi wa gidajen nan rajista, a kai musu ziyarar ba-zata. Sai dai hukuma jiran mai ƙara take yi, shi kuwa wannan tsoho ba zai taɓa zuwa ofis ba.

Fiƙihu ya riga ya tanadi mafita: wanda hankalinsa ya gushe ana naɗa masa waliyyi, ya tsare jikinsa da dukiyarsa don amfaninsa, ba don amfanin magada ba. Saboda haka ɗan da ke riƙe da katin fanshon mahaifinsa, shi ma a binciki mudunsa kamar yadda za a binciki na bare.

Ko a gida tsohon yake ko a wani waje, mu je ba tare da sanarwa ba. Mu duba bayansa ko kwanciya ta yi masa gyambo. Mu tambayi sunan maganin da ake ba shi da likitan da ya rubuta, don wani barcin na ƙwaya ne, an ba shi ne kawai don ya yi shiru. A rubuta kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, 'yan uwa su gani. Mai jinyar ma a biya ta kan lokaci, a ba ta hutu, gama gajiya na kawo faɗa da duka. Maƙwabci kuma in ya ji kuka ta katanga, ya sanar da mai unguwa ko liman.

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana, Ya sa mu gama da hankalinmu. Amin.