Haƙuri Da Gumin Ma'aikaci: Tunani Daga Kakuri

Akwai wata kalma da ba ta rabuwa da bakinmu dare da rana, wato haƙuri. Idan an yi rasuwa, mu ce sai haƙuri. Idan an kori mutum daga aiki, mu ce ya yi haƙuri. Kakanninmu sun ce haƙuri maganin zaman duniya, sun kuma ce mahaƙurci mawadaci. Mu ma limaman Ikilisiya muna yawan faɗarta a kan bagade da kuma a bakin gadon marar lafiya. Amma wata rana wani dattijo ya sa na tsaya na sake auna wannan kalma.

Na je kai masa Jibin Ubangiji ne a gida, domin ƙafa ta hana shi zuwa coci. Ya yi aiki fiye da shekara ashirin a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe ta. Bayan mun gama addu'a, sai ya jawo wata leda daga ƙarƙashin matashi, ya nuna mini katin aikinsa da takardar da ke ɗauke da lissafin kuɗin sallamarsa, wanda har ranar bai ga ko kwabo ba. Na rasa ta cewa, sai na ce, "Baba, sai haƙuri." Ya dube ni, ya ce, "Fada, kullum ni ake ba haƙuri. Su kuma waɗanda suka riƙe guminmu, me ake ba su?"

Ban amsa masa ba a ranar. Tambayarsa ita ce nake so mu duba tare: shin haƙurin da Linjila ke koya mana yana nufin wanda aka danne wa haƙƙi ya ja bakinsa ya yi shiru?

Yaran da aka haifa bayan shekara ta 2000 ba su san Kakurin da muka taso a cikinta ba. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, tana saƙa akoko da audugar da manoman Arewa suka noma. Bayanta Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo a shekarun 1960, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975. Mutane suka yi ta kwararowa daga kudancin Kaduna, da Filato, da Binuwai, da ƙasar Hausa, da kudancin Nijeriya. Jiniyar masaƙa ita ce agogonmu. In ta yi kuka, sai titi ya cika da kekuna, masu aikin dare suna fitowa, masu aikin safe suna shiga. Mai tuwo da mai shayi da tela da mai gidan haya a Makera da Nasarawa duk da albashin masaƙa suke rayuwa. Kirista da Musulmi suna tsaye a gaban injin ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ɗaya kuma take magana da yawunsu.

Daga baya al'amura suka juya. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama abin nema, baƙin mai ya yi wuya, injuna suka tsufa, yadin fasa-ƙwauri mai araha ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan shekaru. Dubban magidanta suka wayi gari babu aiki. Har bayan shekara ashirin, tsofaffin ma'aikata da matan waɗanda suka rasu suna ta kai kuka a biya su haƙƙoƙinsu, da yawa kuwa sun koma ga Mahaliccinsu suna jira. Wannan ba tatsuniya ba ce. Mutanen suna zaune tare da mu a benci ɗaya kowace Lahadi.

Ana ba irin waɗannan bayin Allah amsoshi biyu da sunan addini, kuma dukansu suna da illa.

Ta farko ita ce a ce wa mutum wahalarsa alama ce ta ƙarancin bangaskiya, ko zunubi, ko wata la'ana da ke bin danginsa. Sai a ce ya kawo sadaka ta musamman, ya yi azumin kwana kaza, ƙofa za ta buɗe. Wannan magana tana da daɗin ji ga mai ƙoshi, domin tana nuna masa cewa ƙoshinsa ladan kirkinsa ne. Amma abokan Ayuba ma haka suka yi ta faɗa masa, a ƙarshen littafin kuwa Allah ya tsauta musu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya jawo wa wani mutum makanta tun haihuwa, a Yohanna sura ta 9, ya kawar da zancen laifin mutumin da na iyayensa gaba ɗaya. Masaƙa ba ta rufe domin masaƙi ya yi sakaci da addu'a ba. Mutane ne suka yanke shawarwari a ofisoshi, wasu suka ci riba, wasu suka kwana da yunwa. Wanda ya ɗora wa talaka laifin talaucinsa ya ƙara masa kaya a kan kaya, ya kuma wanke mai laifi.

Amsa ta biyu ita ce wadda ni kaina na bayar a ɗakin dattijon nan. Tana cewa komai nufin Allah ne, a bar wa Allah, a yi shiru. Akwai gaskiya a cikinta, domin babu abin da ke faruwa a ɓoye daga idon Ubangiji, kuma yana iya fitar da alheri daga mugunta. Sai dai akwai bambanci tsakanin abin da Allah ya ƙyale ya faru da abin da yake so. Allah ba ya son zalunci. Idan fari ya ƙone gona, ba mu da wanda za mu kai ƙara. Idan mutum ya riƙe ladan ɗan'uwansa, akwai mai laifi, akwai bashi, akwai kuma ranar biya. Sau da yawa muna cewa a bar wa Allah ne domin mu huta da nauyin maganar, mu koma gida da zuciya sakayau.

To, me Littafi Mai Tsarki ya koyar? Ina roƙon kowa ya buɗe wasiƙar Yakubu sura ta 5, ya karanta aya ta 1 zuwa ta 11 a zama ɗaya. A nan ne manzo ya gargaɗi 'yan'uwa su yi haƙuri, ya kawo misalin manomi mai jiran ruwan sama, ya kuma tuna musu da jimirin Ayuba. Mun saba jin wannan sashe. Amma kafin ya kai nan, sai da ya fara da masu dukiya waɗanda suka hana masu girbin gonakinsu lada, ya faɗa musu cewa ladan nan da kansa yana kuka, kukan kuwa ya riga ya isa kunnen Ubangiji. Manzo bai raba maganganun nan biyu ba. Ya fara kiran zalunci da sunansa, sa'an nan ya ƙarfafa wanda aka zalunta. Mai wa'azin da ya ɗauki rabin na biyu ya bar na farko ya yanke Maganar Allah gida biyu.

Wannan koyarwa ba sabuwa ba ce. Shari'ar Musa, a Maimaitawar Shari'a 24:14-15, ta umarta a biya ɗan ƙwadago matalauci kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Littafin Sirak sura ta 34 ya kwatanta mai hana ma'aikaci ladansa da mai zub da jini. Katekism na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya lissafa zaluntar ma'aikaci cikin zunuban da ke kuka zuwa sama, tare da jinin Habila. Fafaroma Leo na 13 ya rubuta wasiƙar Rerum Novarum a 1891 domin kare albashin adalci da 'yancin ma'aikata na kafa ƙungiya. Fafaroma Yohanna Bulus na 2, wanda ya ziyarce mu a Kaduna a watan Fabrairun 1982, ya nuna a wasiƙarsa Laborem Exercens ta 1981 cewa mutum mai aiki yana gaba da jari da injuna. Saboda haka mai neman haƙƙinsa ta hanyar gaskiya bai kauce wa bangaskiya ba.

Menene haƙurin Kirista ke nan? Shi ne ƙarfin da Ruhu Mai Tsarki ke ba mutum domin kada wahala ta cinye masa zuciya. Yana hana shi fid da rai ga Allah. Yana hana shi ƙin wanda ya cuce shi, da huce haushinsa a kan matarsa da 'ya'yansa, da neman mafaka a kwalba, da rama cuta da cuta. Amma ba ya ɗaure masa baki. Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya cika surori da kuka da tambaya. Gwauruwar da Yesu ya ba da misalinta a Luka sura ta 18 ta yi ta komawa wurin alƙali marar tsoron Allah har ya gaji ya bi mata haƙƙinta, Ubangiji kuwa ya mai da ita abin koyi. Shi kansa Yesu, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, ya nemi a nuna masa laifinsa, bai rama ba, bai kuma yi kamar ba a cuce shi ba. Bulus da Sila, bayan an yi musu bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, sun ƙi fita daga kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. Manomin da Yakubu ya ambata ma ba kwance yake jiran ruwa ba, ya riga ya yi sharar gona, ya tanadi iri.

Wani zai ce: Fada, ka yi hattara, wannan magana tana iya hura wuta, mun kuwa san abin da fushi ya jawo wa garin nan. Gaskiya ne, ba kuwa ƙaramar magana ba ce. Mun ga abin da ya faru a Fabrairu da Mayun 2000, da kuma Nuwamban 2002. Mun binne 'yan'uwa, mun ga maƙwabtan shekara da shekaru sun kwashe kaya, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin mutanen gari ɗaya. Amma a lura da abu guda. Fushin da aka danne ba ya mutuwa, yakan kwanta ne har ya sami wanda zai faɗa wa, yawanci kuwa marar laifi yake samu. Matashin da ya ga mahaifinsa ya mutu da takardar bashi a ƙarƙashin matashi, bai kuma ji ko mutum ɗaya a coci ya ce an yi zalunci ba, shi ne mai sauƙin saye a hannun masu neman fitina. Idan Ikilisiya ta faɗi gaskiya cikin natsuwa, ta bi da mutane ta hanyar ƙungiya da kotu da takardar koke, tana kashe wuta ne tun tana ƙarama. Kada kuma mu manta cewa bashin nan bai tambayi addinin kowa ba. Gwauruwar Musulmi da gwauruwar Kirista layi ɗaya suke bi. Tsayawa tare a kan haƙƙi hanya ce ta sake ɗinke zumuncin da ya yage.

Yanzu bari mu juyo da madubi gare mu, domin nuna yatsa ga manya yana da sauƙi. Yarinyar da ke yi miki wanke-wanke, yaushe rabon da ki biya ta cikakke a kan lokaci? Birkilan da ya gina maka katanga, sau nawa ka ce masa ya dawo gobe? Malaman makarantu masu zaman kansu nawa ne ake bin wata uku ana ce musu aikin Allah suke yi? Mu limamai ma ba mu tsira ba. Katekist da mai dafa abinci da mai gadin coci ma'aikata ne, suna da iyali, kalmar sadaukarwa kuwa ba ta sayen mudun masara. Duk wanda ke riƙe da ladan wani alhali yana da halin biya, ya sani abin faɗa ne a wurin ikirari, kuma tuba ba ta cika sai an mayar da abin da aka riƙe.

Ga kuma nauyin da ke kan mai ba da haƙuri. Yakubu ya riga ya faɗa a sura ta 2 cewa fatar alheri ga mai yunwa ba tare da abinci ba aikin banza ne. Idan ka ce wa ɗan'uwanka ya yi haƙuri, ka ɗauki wani ɓangare na kayansa ke nan. Zumuntar Mata, da ƙungiyar St. Vincent de Paul, da matasa, su san tsofaffin ma'aikatan da ke unguwarsu da suna, su san wanda ba ya iya sayen magani. Lauyoyi da akawu da ke cikinmu su taimaka wajen duba takardu da rubuta koke ta hannun Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya ta Ikilisiya. Mai shago ko gareji ya ɗauki ɗan marayan masaƙi ya koya masa sana'a. Wanda Allah ya ba kujera a gwamnati ya tuna da maganar a inda ake yanke shawara.

Na koma wurin dattijon bayan mako biyu. Na ce masa, "Baba, an cuce ka, Allah kuwa bai yarda da abin da aka yi maka ba. Ka ci gaba da neman haƙƙinka, amma kada ka bar su su ƙwace maka har da salamar zuciyarka." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "To, Fada, yanzu zan iya yin haƙuri." Muka yi addu'a domin shi, da abokan aikinsa Kirista da Musulmi, da waɗanda suka riƙe kuɗin, Allah ya taɓa zukatansu tun suna da sauran lokaci.

Bari Yusufu Mai Tsarki, kafinta kuma majiɓincin ma'aikata, ya yi roƙo dominmu. Ubangiji ya ba waɗanda ke jira ƙarfin jimrewa, ya ba masu riƙe da haƙƙin wasu tsoronsa, mu kuma ya ba mu bakin faɗar gaskiya da hannun taimako. Amin.