Kalmar "Docile": Yabo Ce Ko Zagi?

Lokacin da nake aji biyu na sakandare, wani malaminmu ya rubuta kalma ɗaya tak a takardar sakamakona, watau docile. Da aka fassara wa mahaifina cewa ana nufin yaro mai ladabi, sai ya yi murna har ya sa mini albarka. Ni kuwa sai da na shigo jami'a na buɗe ƙamus sannan jikina ya yi sanyi, domin na tarar Turawa suna yi wa doki da tunkiya kirari da ita, watau dabbar da aka hore ta, ba ta tirjiya in an ja akala.

Abin mamaki, asalin kalmar ba haka yake ba. Daga harshen Latin ta fito, daga docere, ma'ana koyarwa, tushen da ya haifi kalmar dakta. Da ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 15, ma'anarta mai saurin ɗaukar karatu. Sannu a hankali ta koma mai sauƙin juyawa. A shekarar 1975 wani masani Bafaranshe, Michel Foucault, ya yi amfani da ita a littafinsa kan tarihin gidan kurkuku, inda ya nuna yadda bariki da makaranta da masana'anta suke horar da jikin mutum da ƙararrawa da sahu, har ya riƙa bin umarni ba tare da tunani ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, tambayata ita ce: mai ɗaukar karatu da mai sauƙin juyawa mutum ɗaya ne? Ni a ganina ba ɗaya ba ne. Mai koyo na gaskiya yakan sunkuyar da kai don ya ji, sa'an nan ya ɗaga shi ya yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Wanda kuwa ya zama raƙumi da akala, duk wanda ya riƙe igiyar shi ne ubangidansa, ko malami ne ko ɓarawo.

Wani zai ce ai Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma mu duba halaye goma na mutumin kirki da Kirk-Greene ya lissafa a takardarsa ta 1974. Lalle akwai ladabi da haƙuri da kunya, sai dai suna tare da gaskiya da hankali da hikima da adalci. Ladabin da ya hana ka faɗin gaskiya ya tashi daga ladabi ya koma tsoro.

Mu ne gobe za mu zama malamai da alƙalai da ma'aikata. Ranar da na gaba ya miƙo takardar ƙarya ya ce a sa hannu, ɗalibin da bai taɓa tambayar malaminsa "don me?" ba, ina zai sami bakin cewa a'a?

Saboda haka ina roƙon malamanmu, in ɗalibi ya ja da magana cikin ladabi, kada a ɗauke shi mai taurin kai. Mu kuma ɗalibai mu riƙe tsohuwar ma'anar kalmar, mu bar wa tumaki sabuwar. Haza wassalam.